Haƙurin Ɗangiwa

Ran da aka gurfanar da Halliru gaban alƙali a Tambuwal, amininsa Ɗangiwa ne ya fara miƙewa ba da shaida.

Tare suka tashi a Sanyinna, rana ɗaya aka yi musu kaciya, amma a hali ko kusa. Ɗangiwa sanyi gare shi kamar ruwan randa, ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Shanu ba su taɓa shiga gonarsa ba, ba mai awon da ya taɓa tauye masa mudu. Shi kuwa a ganinsa kyawun halinsa ne ya jawo masa, har nasiha yake yi wa masu faɗa, wai su dubi yadda yake zaune da kowa lafiya.

Halliru fa? Kai, sai dai Allah ya kyauta. Yau ya fasa bakin mai awo a kasuwar Dogon Daji, gobe ya kori makiyayi da sanda har rafi. In an tambayi dalili, ya ce fuskar mutumin ce ba ta yi masa ba. Ɗangiwa ya sha kunya, ya sha ba da haƙuri a madadinsa, har abotar ta fara yi masa nauyi. Dattawa kuma suka shiga cewa mutumin kirki ba ya yawo da irin wannan. Maganar ta tsaya masa a rai, don ba abin da yake ji da shi kamar sunansa.

Sai ga shi ana tsakar shuka Halliru ya karya hannun Maccido, maƙwabcin gonar Ɗangiwa.

Alƙali ya tambayi abin da ya haɗa su. Maccido ya ce haka kawai. Halliru kuwa ya dubi amininsa.

"Allah ya gafarta malam," in ji Ɗangiwa, "tun muna yara haka shi ke. Mugunta cikin jininshi take, ni kam na gaji."

Aka sayar da gonar Halliru aka biya diyya, mai gari ya ce ya bar musu gari. Ya kama hanyar Kebbe shi kaɗai, a shekarar da mahara ke tsare hanya. Daga baya fatake suka ce sun gan shi da igiya a wuya, ana kora shi kudu cikin bayi. Ɗangiwa ya ce halinsa ne ya kai shi, ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

Kaka ta yi, shanu suka cinye masa dawa. A kasuwa mudu ya fara zuwa masa a tauye. Da damina ta zagayo, ya isa gona da hantsi ya tarar da Maccido da 'ya'yansa suna tumɓuke gambar da ke kan iyaka, suna dasa ta can tsakiyar gonarsa, ko gaggawa ba sa yi.

Wani abu ya taso wa Ɗangiwa wanda bai san yana da shi ba. Sai ganin fartanya ya yi a sama, ashar na fita daga bakinsa.

Maccido ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe kai ma ka iya? Aje ta, mai haƙuri. Gambar ga nike tumɓukewa bara, Halliru yak karya min hannu. Duk wanda ka ga Halliru ya daka a garin ga, kai mutumin yat taɓa."