Takalmin Bahago

Ladidi, ɗan dakata da kwamfutar nan. Tun ɗazu nake kallon ki kina goge tabon da ke jikin tukunyar mai kokon nan a hoto, wai kada ya ɓata mata shafi. Ni da na shekara talatin ina rubuta allunan shaguna da fenti kafin ku zo da naku zamanin, bari in ba ki wani misali, in ya so ki ci gaba da gugarki.

A wani gari an yi wani baduku, bahago. Rumfarsa tana bakin tsohuwar tasha, inda ƙanshin jan fata yake tarbar matafiyi tun bai gama saukowa daga mota ba. Da yake da hagu yake riƙe basilla, ɗinkinsa kwanciya yake yi gefe guda, saɓanin na sauran dukawa. Yana yaro maigidansa ya sha bugun hannun nan don ya koma dama, hannu ya ce bai san zancen ba. Daga baya karkataccen ɗinkin nan ya zama shi ne shaidarsa. Ango ba ya fita ɗaurin aure sai da takalmin Bahago, kuma ko takalma ɗari aka zube a ƙofar masallacin Juma'a, daga nesa za ki nuna nasa. Kai, an yi zamani, ina kewar kwanakin nan! To, sai aka mayar da tasha bayan gari, takalman roba suka cika kasuwa, waɗanda suka tashi da takalmansa a ƙafa suka watsu neman abinci, wasu Legas, wasu Fatakwal. Tsoho ya koma wuni yana korar ƙuda. Ƙarshe ya yanke cewa in babbar Sallah ta wuce ba aiki, zai ɗaure basillunsa ya naɗe buzunsa, sana'ar kakanninsa ta ƙare a kansa.

Ana nan sai wani mai tsara wa ƙananan 'yan kasuwa shafin intanet, mai zaman kansa irinki, ya ce zai taimaka. Mutumin kirki ne, sai dai akwai rawar kai. Ya ɗauki hotuna cikin minti goma ya tafi gida. Da ya ga ɗinki a karkace sai ya ɗauka rawar hannun tsufa ce, ya bi ya miƙar da shi tsaf a kwamfuta. Sunan Bahago kuwa ya ga kamar cin fuska ne a kira dattijo da shi a bainar jama'a, balle ma hagu ba hannun miƙa kaya ba ne. Ya cire, ya laƙaba wani dogon suna na Turanci, ya rubuta labarin wani kamfani na zamani wanda babu shi ko a mafarki. Da ya kawo masa, tsohon ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce, "Madalla, takalman nan sun yi kyau. Na wane ne?" Mai shafi ya yi dariya, ya zaci barkwanci ne.

Wata biyu waya ba ta yi ko tari ba. Sallah ta zo ta wuce. Ranar da tsoho yake ɗaure kayansa, mai shafi na tsaye ya zo ba shi haƙuri, sai ga wani magidanci da ya zo ganin gida daga Fatakwal bayan shekara ashirin. Yana ganin tsohon ya ɗauki salati, ya ce, "Baba, ashe kana raye!" Ashe ya daɗe yana rubuta takalmin Bahago a waya yana nema, saboda ɗansa zai yi aure, bai samu ko alama ba. Har shafin nan ya taɓa ci karo da shi, da ya ga ɗinki a miƙe ya ce aikin inji ne ya wuce. Daga nan ya gaya wa 'yan garinsu da ke can cewa Bahago ya riga mu gidan gaskiya, har addu'a sun taru sun yi masa.

Kunya ta kama mai shafi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya roƙi tsoho ya ƙara masa mako guda. Kwana uku ya yi a rumfar, bakinsa a rufe, kunnensa a buɗe. Sannan ya mayar da sunan, ya mayar da karkatar ɗinkin, ya sa hoton hannun hagu riƙe da basilla, ya rubuta labarin hannun da aka doka ya ƙi komawa dama. Magidancin nan ya tura wa 'yan garinsu, su ma suka tura gaba. Kafin mako ya cika tsoho ya kwance ƙullin basillunsa. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya yi arziki ba. Amma shekara huɗun da suka rage masa a bakin aikinsa ya yi su, mutanen da suka yi masa addu'a da ransa suna kiransa suna faɗa masa awon ƙafar 'ya'yansu.

Dubi ƙafata, takalminsa ne. Shekara tara ke nan, kin ga ɗinkin bai saki ba, kuma ba zan ƙara samun irinsa ba. Don haka kafin ki goge tabon tukunyar nan, tashi ki je ki tambayi matar inda ta samo shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.