Hawayen Tabawa a Ofishin Hutu

Tun da aka kawo na'urar auna hawaye, ba mai samun hutun makoki a masaƙar da Tabawa ke aiki sai ya ɗiga mata ɗigo ɗaya ta tantance. Tabawa ta zauna gaban ma'aikaciyar ofishin hutu, tana murza bakin mayafinta.

"Wa ya rasu, Inna?"

"Yaron nan."

"Wane yaro?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. Ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. Amma motar ƙauye ƙarfe biyu za ta tashi, gobe kuma sadakar uku. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta daɗe, sannan ta fito da mayafin a jiƙe da hawaye.

Ma'aikaciyar ta matse shi a kan gilashin na'urar. Wani shuɗin haske ya ratsa ɗigon, ta ɓata fuska.

"Inna, na'urar ta ce baƙin cikin nan ya shekara tara. Hutun na sabon rashi ne."

Shekara tara ke nan da yaron ya bar gida bai waiwayo ba. Tabawa ta dubi na'urar, ta dubi agogo.

"To, 'yar nan, ta yaya ake raba sabon da tsohon?"