Ranar da Baba Ya Dawo Ba Warin Fata

A gidanmu na Panshekara, hanci ne ke fara sanin Baba ya dawo. A kamfanin fata yake aiki a Challawa, kuma warin jima yakan riga shi shigowa zaure. Dokar Inna ce, ba mai yi masa magana sai ya yi wanka. Yana fitowa sai ya ɗora ni a wuya yana tsokanarta.

Ran nan ya shigo bayan azahar, ba lokacinsa ba. Na karɓi ledar kayan aikinsa, na tarar da su a ninke yadda Inna ta ba shi da safe. Na shinshina, sai ƙamshin sabulu. Murna ta kama ni, a zatona yau ba sai na jira wanka ba.

Na ce, "Baba, yau ba kwa wari."

Ya kalle ni, ya ja dogon tsaki. "Da warin nan kake cin tuwo. Ɓace min da gani."

Inna ta sauke bokitin ruwan wankansa a hankali. Ashe an rufe kamfanin. Bai sake wari ba, bai kuma sake ɗora ni a wuya ba.

Yanzu ni ke tsayuwa a ƙofar kamfanonin Sharada kowace safiya, ko za a ɗauki lebura. Jiya 'yata ta taro ni da gudu, tana murnar na dawo da wuri. Kafin ta buɗe baki na ji tsakin nan ya fita daga bakina. Ta juya ta ɓuya a bayan uwarta.