Hayar Shekara Uku

Takardar dillali ta iso kwana biyu bayan kuɗin sallamarsa sun shiga banki. Ya karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ya sake karantawa, sannan ya duƙunƙune ta ya jefa a kan tabarma. Masu gidan suna son hayar shekara uku a dunƙule, kafin ƙarshen wata, ko kuwa ya kwashe kayansa.

Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran motocin kamfani, har ya zama babban makanike. A gareji Gobe-da-Nisa ake kiransa, domin amsar da yake bayarwa ke nan duk lokacin da aka yi masa zancen tanadi. Albashi ba ya kwana goma a aljihunsa. Wannan aboki ya ara, wancan ɗan'uwa ya kawo kuka, sauran ya tafi a sabuwar waya. Matarsa, wadda take ɗinki a gida, ta yi magana har bakinta ya gaji, daga baya ta daina.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne adadin. Kuɗin da aka nema sun yi daidai da sallamar, sai ɗan abin da ba zai sayi taya biyu ba. Ga shi ya riga ya yi wa wani abokinsa alkawarin zuba su a cinikin tsofaffin motoci, wai riba ninki biyu cikin wata shida.

Ba yau aka fara ba. Shekara goma sha huɗu ke nan da tsohon mai gidan ya sayar da shi, kuma tun daga lokacin, duk watan da aka ƙara masa albashi sai takardar ƙarin haya ta biyo baya, kamar kaza da 'ya'yanta. Ya taɓa cin kwalar akawun kamfani a kan cewa shi ne ke kai tsegumi, sai da aka raba su. Sabon mai gidan kuwa bai taɓa sa shi a ido ba. In rufi ya fara yoyo, kafin ya kai ƙara masu gyara sun zo. In ya tambayi dillali wane ne, sai ya ce, sun ce ba sa son a san su.

Sau uku yana nemo wani gida mai rahusa, sau uku matar tana ƙi. Ta ce a nan masu kawo mata ɗinki suka san ta, ita ba za ta ɗauki keken ɗinki tana yawo kamar mai talla ba. Ranar da takardar ta iso ma, da ya gama zage-zagensa, ya kira mai gidan azzalumi, mai shan jinin talaka, wanda ba zai gama da duniya lafiya ba, ba ta ɗago daga rigar da take yanka ba.

"Baban yara, ka biya kawai," ta ce. "Da wannan shekarun ina za mu?"

Ya zura takalmi ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Ofishin dillalin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon fenti. Ya hau matakala bibbiyu, da gwiwar da ta shekara tana damunsa. Ya daki tebur har kofi ya kife. Ya ce shi ba yaro ba ne, gumin shekara talatin da biyar ba zai tafi aljihun ɓarawon da ke ɓuya a bayan takarda ba. Ya ja kujera ya tare ƙofa, ya rantse ba mai fita sai an haɗa shi da mai gidan.

Dillalin ya goge ruwan da ya zube. Sannan ya buɗe durowa ya tura masa wani littafin banki.

Sunan makaniken ne a jiki. Ya shiga buɗe shafuka. Kowace haya da ya biya cikin shekara goma sha huɗu tana nan da kwanan watanta, ba a taɓa ko sisi ba sai na gyaran rufi da famfo. Jimillar da ke shafin ƙarshe ta ninka sallamarsa. Fushin bai sauka ba, sai ma ya ƙaru, don ya ji an mayar da shi yaron da ake ɓoye wa kuɗin alawa.

"Wane ne ya isa ya yi min wannan?" ya ce. "Kira min shi yanzu."

Dillalin ya danna lamba, ya buɗe murya, ya ajiye wayar a tsakaninsu. Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka.

"Baban yara, tun da na sayi gidan nan da gadon mahaifina kake tsine min ina ji, to na yau ya isa, ka biya hayata ka dawo gida."