Tulun da Ya Tuba

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Shekarar da naira ta fito, a wata majami'a kusa da Kafanchan, matan zumunta suna tsakiyar waƙa sai dattijon ikilisiya ya miƙe.

"Ku tsaya! Tulun nan da ake bugawa na burkutu ne. A fasa shi, a sa mai shi horo!"

Mai tulun sabuwar tuba ce, kuma horo na nufin ba ita ba cin Jibin Ubangiji. Ta durƙusa, ta rungume abinta.

"Baba, ba ka yi ƙarya ba, ai ka fi kowa saninsa. Shekara goma kana zama a gindinsa. Amma da ka tuba, fasa ka aka yi? Wanke ka aka yi. To, shi ma na wanke shi tas."

Fasto ya ɓoye fuska cikin littafin waƙoƙi, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Ba a sa matar horo ba. Tulu ya ci gaba da waƙa kowace Lahadi. Dattijo kuwa har ya rasu bai sake tayar da maganar ba.