Ranar da Baba ya kira sunana

Ina ƙarama Baba ya kai ni wani gidan abincin Faransawa a unguwar Badi'a, irin mai rassa ko'ina ɗin nan. Mutumin da ko shayin waje ba ya saye. Iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu, ana ta kamen baƙi a unguwarmu, amma ya sa rigarsa ta Juma'a.

Ya zaɓi mafi araha, miyar albasa da burodi, kwano ɗaya. Cuku ya yi mata fata a sama, tana ƙauri. Ya turo mini, idonsa na kan ƙofa.

Na ce, "Baba, wannan ai ta ƙone."

"Haka suke yin ta. Sha."

Sai ya sunkuyo ya kira sunana na yanka. "In ba ki gan ni gobe ba, ki riƙe ƙannenki."

Ni ce 'yar fari, bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba, "ke yarinya" yake cewa. Na dinga lasar cokali a hankali don kada miyar ta ƙare mu tashi. Ta ƙare.

Yanzu jikokina na son wurin. Ni a mota nake jiransu.