Sawun Yatsa a Jikin Gam

Noti na uku ne ya ƙi kwancewa. Injiniya ya ja tsaki, ya ɗiga masa mai. Ba wata makaranta ce ta ba shi wannan suna ba, shi ya rubuta abinsa a ƙofar gareji. Amma duk bakin ruwan an yarda ba wanda ya kai shi sanin cikin babur ɗin ruwa, kuma ba wanda ya kai shi raina aikin wani.

Babur ɗin na kan gadon katako, gefensa a fashe. Sati uku ke nan da ya kife da mai shi, wani matashi mai aikin ceton masu iyo. Waɗanda suka gani sun ce injin na ta kururuwa amma babur ɗin ya ƙi gaba, har igiyar ruwa ta ɗauke shi ta maka da duwatsu. Matashin bai tsira da ransa ba.

Matar marigayin na tsaye a kan babur ɗin, idonta a bushe. Abu ɗaya ya kawo ta. Gajere, makanikin da ke ƙarshen layi, shi ke duba wa mijinta babur. Ya rantse cewa mai da fulogi kawai ya canza, ita kuwa ba ta yarda ba. In Injiniya ya sami laifinsa ya rubuta a takarda, gobe da safe 'yan sanda za su ɗauke shi.

Injiniya bai ɓoye jin daɗinsa ba. Ya ce Gajere ai ko keke aka ba shi sai ya dawo da ragowar noti a aljihu.

Mahaifin marigayin na zaune kan wata tsohuwar taya, hannunsa na dama a aljihun riga. Da Injiniya ya hau lalube a akwatin kayan aiki, sai tsohon ya zaro sifana mai lamba goma sha biyu da hagu ya miƙa masa. Ita ce kuwa ake nema. Matar ta ce Baba ma ya san ƙarfe, shekara talatin ya yi yana gyaran famfo a gidajen mutane.

"Famfon banɗaki daban, wannan daban, Baba," in ji Injiniya. "Ka dai zauna ka huta."

Ya zare famfon tura ruwan daga gindin babur ɗin, ya aza a tebur. Ya yi musu bayani a hankali, kamar mai koya wa yara ƙirga. Wannan famfo shi ke zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso ta baya, da haka babur ke tafiya. Inda ya haɗu da jikin babur akwai roba mai toshe iska. In robar ta mutu, famfon sai ya riƙa shan iska maimakon ruwa. Injin ya yi ta ihu, farfela ta yi ta juyi a banza.

Matar ta ce haka mijinta ya yi ƙorafi. Gajere ya ce masa sai an jira kwana goma kafin sabuwar roba ta iso, shi kuwa ba ya son barin bakin ruwa ba mai ceto. Babur ɗin ya kwana biyu a tsakar gidan Baba, don su ba su da fili. Da ya koma ruwa, mijin ya ce mata ai an yi masa dabara.

"Dabara," in ji Injiniya, ya tuntsire da dariya.

Ya sa wuƙa ya ɓamɓaro abin da ya gani. Ga tsohuwar robar nan a tsage, an lulluɓe ta da farin gam, irin wanda ake shafawa a bakin kwanon wanke hannu. Ya ɗaga shi sama yana kaɗawa. Ya ce wannan gam zai riƙe a ruwa mai kwance, kwana biyu, uku. Ranar da igiya ta tashi aka murɗa wuta, ranar zai saki. Ya ce wanda ya yi aikin nan jaki ne, kuma jakin ma mai ƙwazo, don ya zauna ya shafe shi sumul ta kowace kusurwa, kai ka ce da gaske ya san abin da yake yi.

Nan tsohon ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Da an jira robar, da yana raye?"

"Da yanzu yana gida yana wasa da 'ya'yansa. Ba ruwa ne ya kashe ɗanka ba, Baba. Hannun da ya shafa wannan ne."

Matar ta dafe tebur. Injiniya ya jawo takarda da biro, ya rubuta sunan Gajere da manyan baƙi. Sai ya tsaya, ya ƙura wa gam ɗin ido, ya yi murmushi. Ya ce wawan har shaida ya bar musu. Ya juya shi wajen hasken ƙofa ya nuna mata: sawun babban yatsa ne ya fito ɓaro-ɓaro inda aka danna ƙarshe, da wani tabo da ya ratsa shi a karkace. Ya ce 'yan sanda su kamo yatsan Gajere su gwada, magana ta ƙare.

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki takardar da hagu, ya karanta, ya kife ta a kan tebur.

"Ku ƙyale Gajere, 'yata," ya ce.

Sannan ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗora babban yatsansa a cikin sawun. Ya zauna daram, har tabon.